Guraben da Aka Danƙa Mini a Agege

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ki buɗe wannan takarda kin riga kin sauka Abuja lafiya, ke da kayanki. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da na masauki, ya haɗa ki da maƙwabta masu mutunci da abokan aiki masu tsoronsa. Mu nan Agege lafiya kika bar mu, babu wani labari da zan ba ki wanda ba ki sani ba.

Kin san halina. In na zaunar da ke da niyyar nasiha, sai in ɓuge da tambayar ko kin ɗauki caja da maganin sauro. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko na samu in faɗi abin da bakina ya kasa.

Sau biyu kina yi mini bayanin aikin da aka ɗauke ki. Abin da na riƙe shi ne, ofishinku ne zai riƙa tsara ƙa'idojin da gwamnati za ta bi wajen shigar da matasa karatu da ayyukan kimiyya da fasaha, yadda mata da 'ya'yan talakawa da nakasassu su ma za su samu shiga. Na san kin hana ni cewa nakasassu, kin ce masu buƙata ta musamman ake cewa yanzu. Ki yi haƙuri da bakin tsoho, zan riƙa mantawa.

Ni ban yi karatunki ba. Sama da shekara talatin ina gyaran rediyo da talabijin a ɗan shagon nan na kusa da titin jirgi. Amma an taɓa danƙa mini irin aikin da za ki yi, ƙarami ƙwarai, kuma ban riƙe shi yadda ya kamata ba. Lokacin kina makarantar kwana, ba ki san yadda aka yi ba, ni kuma ban taɓa faɗa miki ba. Yanzu da za a ba ki babba, gara ki ji daga wurina.

Wata shekara gwamnati ta ɓullo da shirin koya wa mutane haɗa wutar sola da gyaran kwamfuta, wata shida, kyauta, in mutum ya gama a ba shi kayan aiki. Aka rarraba gurabe ga ƙungiyoyin unguwanni. Tamu ta masu sana'ar hannu ta samu goma sha biyu. Ni ne sakatare, ba don na fi kowa hankali ba, sai don ni ke iya cike fom ba sai an karanta mini ba. Wata jami'a Bayarabiya, Madam Bose, ita ta kawo takardun har shago. Da za ta tafi ta ce da ni da Yarabanci, “Alhaji, ka tabbata kowa ya ji.” Na ce ta kwantar da hankalinta.

Na yi sanarwa a masallacinmu bayan la'asar. Washegari da safe na maimaita a teburin mai shayi. Cikin kwana biyu fom ya ƙare. Duk wanda ya samu na san ubansa, ko mun yi sahu ɗaya ko mun sha shayi a benci ɗaya. Ban karɓi komai a hannun kowa ba, saboda haka har cikin zuciyata na ɗauka na yi adalci.

Kwana na uku na fito wanke fuska a bakin famfo, sai na tarar da Maman Ladi tana tarar ruwa. Kin tuna ta, mai ƙosan nan 'yar kudancin Kaduna, Kirista, wadda ta ci gaba da zama a ɗakin ƙarshe a gidan hayarmu ita da 'yarta Ladi bayan mijinta ya rasu. Muka gaisa. Sai ta ce, “Baban Ummi, na ji an raba fom na koyon sola.”

Na ce, “An raba, har ya ƙare.”

“A ina aka faɗa?”

“A masallaci.”

Ta ajiye bokitin. Ta ce, “To ni yaushe zan ji maganar da aka yi a masallaci? Bar ni ma. Matan gidan nan da ke salla a ɗaki, wace ce ta ji? Shekara ashirin muna shan ruwan famfo ɗaya, Baban Ummi. Taku nawa ne daga ƙofarka zuwa tawa?”

Ladi a lokacin ta gama sakandare, ɓangaren kimiyya. Duk fitila mai caji da ta lalace a gidan nan, ita ake kai wa. Ba ta da ƙarfen narka dalma, ƙusa take ɗorawa a garwashin uwarta ta yi liƙi da ita. Na sha ganinta tana yi. Akwai ranar da har na tsaya na gyara mata riƙon hannu. Amma da fom ya shigo hannuna, wallahi ko sau ɗaya ba ta faɗo mini a rai ba. Ba ƙinta nake ba. Ba ta cikin waɗanda nake zama da su ne kawai.

Ummi, wurin da aka yi sanarwa shi ke zaɓar wanda zai samu. Ku a ofis za ku ce kun saka a intanet, kowa na iya gani. In da Turanci kaɗai kuka saka, kuma sai mai babbar waya da data zai buɗe, to masallacina kuka sake ginawa, sai dai naku ya fi girma. Ɗan dako a kasuwar Mile 12 ba zai gani ba. Karen mota da ke kwana biyar a layin tirela a tashar jirgin ruwa ta Apapa ba zai gani ba, kuma a cikinsu akwai masu kwance inji su mayar ba tare da sun ɓatar da noti ɗaya ba. Duk lokacin da kika gama sanar da wani abu, ki tambayi kanki wa da wa ba sa zuwa inda na yi magana, sannan ki aika musu ta inda suke.

Na kai wa Madam Bose sunayen a ofishinsu. Ta bi su da yatsa har ƙasa, ta ɗago ta dube ni. Ta ce, “Alhaji, duk maza? Ba ka karanta shafi na biyu ba? Dole a samu mata uku da nakasasshe ɗaya, in ba haka ba ba zan karɓa ba.”

Gaskiya ban karanta shafi na biyu ba. Maimakon in ce haka, sai na ɗauki zafi. Na ce, “Madam, mu matanmu ba sa irin wannan aikin.”

Ta ce, “Ka tambaye su?”

Ta miƙo mini takardar. Na hau motar haya ta danfo na dawo ina ta sababi a zuci, ina cewa mutanen ofis ba su san al'adar kowa ba. Dole na cire mutum huɗu. A cikinsu har da ɗan Alhaji Bawa mai goro, wanda ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata da kyau. Da na zo cike guraben mata, ban zagaya na tambayi kowa ba. Na rubuta 'ya'yan ƙanena biyu, Hajara da Sa'a, don kawai a cika ƙa'ida. Ɗaya ɗinki take koyo tana kuma son abinta, ɗayar ko wayar wuta ba ta yarda ta taɓa. Gurbi na uku na rasa wadda zan sa, sai na aika a kira Ladi, ina yi ina jin haushin uwarta. Hajara da Sa'a suka je mako guda, aka ɗauki hoto da su ranar buɗewa, daga nan suka daina. Kujerunsu suka zauna babu kowa har aka gama, alhali na tabbata a layinmu kaɗai akwai waɗanda za su so su zauna a kai.

Abu biyu nake so ki ɗauka a nan, kuma kada ki ɗauki ɗaya ki bar ɗaya. Da babu wannan ƙa'ida ta mata uku, da Ladi ba ta shiga ba, domin ni ba zan sa ta don kaina ba. Za ki haɗu da manya masu cewa ware gurabe ba shi da amfani, a bar cancanta ta yi aiki. Ni ma abin da na ce ke nan, kuma cancantar da nake nufi ita ce 'ya'yan abokaina. Kada ki bari su rusa irin wannan ƙa'ida. Amma kuma ki sani, ƙa'idar da ba ta duba komai sai sunayen ranar shiga, irina za su yi mata wayo cikin minti goma. Ku ƙirga ranar gamawa. Ku koma bayan shekara ku ga wa ke aiki da abin da ya koya. Wanda ya san za a dawo a tambaye shi ina Hajara ina Sa'a, ba zai rubuta su ba tun farko.

Gurbin nakasasshe kuwa Isuhu na ba. Shi ne mai gyaran agogon nan da ke zama a bakin tashar danfo, wanda shan inna ya shanye wa ƙafafu tun yana ƙarami, yake tuƙa keke da hannu. Lokacin zai kai shekara talatin. Hannunsa a kan ƙananan abubuwa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Da na gaya masa, ya yi ta godiya har na ji kunya. Ya sayi sabon littafi da biro, ya sa aka wanke masa keke.

Kwana tara ya yi ya daina zuwa. Da labari ya iso ni, na rufe shago na tafi wurinsa a fusace. A gaban mutane na ce, “Isuhu, ka ba ni kunya. Na cire ɗan Alhaji Bawa na sa ka, na ɓata da mutum saboda kai, ka je ka watsar?”

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Malam Garba, ka taɓa zuwa wurin?”

Na ce, “A'a, me zan je yi?”

Ya buɗe tafin hannuwansa ya nuna mini. Duk sun sale, wani wurin ya fashe. Ya ce, “Je ka gani, sannan ka dawo ka ƙarasa faɗan. Ina nan.”

Ban je ba sai bayan mako uku, don girman kai. Ajin yana hawa na uku, babu hanya sai matakala. Mai gadi ya ba ni labari. Direbobin danfo ba sa yarda su ɗauki kekensa, saboda haka tun daga Agege yake tuƙowa da hannu cikin motoci da baburan okada. In ya iso ya bar keken a ƙasa, ya rarrafa har sama, samari na tsallake shi suna sauri kada su makara. Banɗaki kuma yana ƙasa. Sai ya daina shan ruwa tun safe don kada ya buƙaci sauka. Ina tsaye ina jin wannan, sai na hango wani ɗaki a ƙasa, babba, ƙofarsa a buɗe, babu komai ciki sai karyayyun kujeru.

Na samu Madam Bose na faɗa mata. Ta dafa kai. Ta ce, “Me ya sa ba wanda ya gaya mini? Rana ɗaya ta isa a sauko da ajin.” Amma zuwa lokacin an riga an soke sunansa, darasi ya yi nisa, kuma a rahotonsu an rubuta cewa ya bari don kansa. Isuhu yana nan inda kika san shi. Agogo ya daina ciniki, yanzu rigar waya da caja yake sayarwa. Kullum na wuce sai ya gaishe ni. Na koma na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce, bai kuma sake tayar da maganar ba.

Ki je da ƙafarki ki ga wurin da kike tura mutane. Kada ki yarda da hoto, kada ki yarda da rahoto. In za ku rubuta ƙa'ida a kan guragu ko makafi ko kurame, a samu ɗayansu a teburin tun kafin a fara rubutu, ba a kira shi ranar biki ba. Da an tambayi Isuhu, cikin numfashi ɗaya zai ce a duba matakala da banɗaki da mota. Kuma duk inda kika ga an rubuta cewa wasu sun bari don ba su da sha'awa, ki ajiye takardar ki nemo mutum ɗaya daga cikinsu ki tambaye shi. Sau da yawa akwai wani bene da ba a rubuta ba.

Yanzu na zo kan wanda ya fi yi mini nauyi a cikin al'amarin Ladi.

Ta gama wata shidan, kuma ita ta zo ta ɗaya a ajin gaba ɗaya, maza da mata. Aka ce waɗanda suka fi ƙwazo za a ɗauki nauyinsu su ci gaba da karatun lantarki a kwaleji. Sai aka nemi takardar shaidar asalin jiha, wadda muke kira indijin. Ladi a Agege aka haife ta, Yarabancinta ya fi yaren uwarta kyau. A nan aka ce ita ba 'yar jiha ba ce. Uwarta ta rufe kaskon ƙosai ta yi tafiya har garin mijinta, can kuma aka ce ba su san yarinyar ba, uban ya daɗe da barin gida, sai ta kawo dattijon da zai tsaya mata. Ta dawo hannu wofi.

Madam Bose ta nemo wata hanya. Ta ce in ƙungiyarmu ta rubuto wasiƙa da hatimi, ta shaida cewa an haifi yarinyar a unguwar kuma a nan ta girma, za ta kai wa ogansu ta roƙa a karɓa. Ta ba ni mako biyu. Na kai maganar taron ƙungiya ranar Lahadi. Ina gama bayani wani daga baya ya ce, “Wai ƙungiyar nan ta Hausawa ce ko ta kowa da kowa? Ita Bahaushiya ce?” Wani ya ce in aka fara haka gobe kowa zai zo neman hatimi. Aka ɗan yi hayaniya. Da yawa sun zuba mini ido, kuma na san da na tsaya da sun bi ni, don babu wanda bai san yarinyar ba tun tana goye. Hatimin yana aljihuna. Abin da za mu shaida gaskiya ne tsantsa. Amma na tuna wata gudan da Alhaji Bawa ya yi yana share ni, na ji ba na son wani sabon ɓacin rai. Sai na ce, “To a bar maganar sai taro na gaba.” Taro na gaba wata guda ne. Na san haka lokacin da na faɗa.

Bayan shekara biyu aka nemi taki takardar don tallafin jami'a. Na hau mota na tafi garinmu. Kwana biyu na yi na dawo da ita, saboda ɗan baffana ya san wanda ke sa hannu. Ke da sau uku kacal kika taɓa taka garin. A hanyar dawowa takardar tana cikin aljihuna, babu abin da nake tunani sai Ladi. Ke da ita gida ɗaya aka haife ku, ungozoma ɗaya ta yanke muku cibiya.

In akwai abu ɗaya da zan roƙe ki ki sa a gaba a wannan ofis, shi ne 'ya'yan da aka haifa a inda ba a haifi iyayensu ba. Suna da yawa a Agege, kuma kamar yadda muke a nan, haka 'ya'yan Yarabawa da Ibo suke a garuruwanmu na Arewa. Ban san yadda ake gyara doka ba, wannan ku kuka karanta. Na dai san yarinyar da ta zo ta ɗaya bai kamata ta zauna a gida don kakanta bai bar mata wanda zai sa hannu ba. Sannan ki kiyayi kalmar nan ta sai taro na gaba. Za ki zauna a taruka da yawa, ke ce ƙarama, wataƙila ke kaɗai ce mace, wataƙila ke kaɗai ce mai ɗankwali. Ranar da gaskiya ta zo kan teburi kika ga kowa na kallon kowa, ki yi magana a ranar. Da ladabi, amma a ranar.

Duk da haka Ladi ta zo shagona neman aiki, da akwatin kayan aikin da aka ba ta. Ta durƙusa ta gaishe ni ta ce, “Baba, ko ba albashi, in dai zauna in ƙara koyo.” Na ce mata masu kawo gyara ba za su yarda su bar talabijin ɗinsu a hannun mace ba, kuma mutane za su yi surutu. Ban gwada ba balle in san ko za su yarda. Ta ce ba komai, ta ɗauki akwatinta. Daga baya na ji ta tafi Ojo, kasuwar Alaba, wurin wani ɗan kasuwa Ibo. Shi bai tambaye ta jiha ko addini ba. Ya ajiye mata matacciyar inbata ta wutar sola ya ce in ta tashe ta ta dawo gobe. Ta tashe ta.

Shekaru suka wuce, sana'ata ta canja a hannuna ina kallo. Rediyo ta koma cikin waya, talabijin ta zama falle, kowa ya koma sola. Bara inbatar masallacinmu ta lalace, aka kawo mini tunda ni ne mai gyaran unguwa. Kwana huɗu ina juya ta ban gane kanta ba. Na naɗe ta a buhu, na hau danfo zuwa Mile 2, na sake wata zuwa Ojo, ina tambaya har aka nuna mini shagon Ladi. Nata ne na kanta. Masu koyo huɗu, biyu mata, ɗaya da hijabi har ƙasa. Tana ganina ta miƙe ta ce, “Baba! Sannu da zuwa. Ku ba Baba kujera.” Ta buɗe inbatar, ta sa mitar awon wuta nan da can, ta nuna mini abin da ya ƙone da dalilin ƙonewarsa, a hankali, yadda ba zan ji kunya a gaban yaranta ba.

Da ta gama na ce, “Ladi, na zalunce ki. Sau biyu, ko uku.”

Na ɗauka za ta ce ba komai. Ta goge hannu. Ta ce, “Na sani, Baba. Da wasiƙar nan ta fito, da yanzu ni ma injiniya ce kamar Ummi. Ina tunawa wani lokaci. Amma ka zo da ƙafarka, na gode. Sha ruwa.”

Na sha. Na ɗauki inbata na dawo.

Kada ki ji wannan ki ce ai ga shi ta yi nasara, komai ya daidaita. Haka masu ofis ke yi, su ɗauko mutum ɗaya da ya tsallake duk shingayen da aka sa masa, su ɗora shi a kan fosta su ce tsarin yana aiki. Ladi ta tsallake ne duk da mu, ba saboda mu ba, kuma ba ta kai inda ya kamata ta kai ba. Ki kuma tuna horo rabin aiki ne. In an koya wa mace sana'a, masu shaguna da kamfanoni irina suka rufe ƙofa, an dawo inda aka fara. Gwamnati tana ba da kwangila, tana ba da lasisi. Tana da bakin da za ta tambayi mai karɓarsu wa ya ɗauka aiki.

Saura ɗaya, shi kuma a cikin gida yake.

Ranar da kika gama jami'a kin tsaya a gaban ƙawayenki kin ce a wurin babanki kika gaji hannu. Na yi murmushi na karɓa. Ba a wurina ba ne. Tun farkon aurenmu mamanki take zama kusa da ni in na kawo aiki gida, tana kallo, tana tambaya. Kafin a haife ki ta iya karanta mita. Kafin ki shiga firamare ta fi ni iya liƙin dalma a wuri mai ƙanƙanta. Kusan shekara ashirin, duk aikin da ya gagare ni sai in sa shi a buhu in kawo gida da azahar, ta yi shi kafin la'asar tsakanin girki da wanki, in mayar shago. Kin sha ganinta, kina tsammani taya ni take. Mutane suna cewa a Agege babu mai hannun Garba, ni kuma ina cewa Alhamdu lillahi. Ban taɓa faɗa wa ko mutum ɗaya ba.

Ranar da na zauna a ɗaki ina sosa kai ina neman sunayen mata uku, tana nan. Ita ta kawo mini abinci ta ajiye kusa da fom ɗin. Shekarunta a lokacin ba su wuce iyakar da aka sa ba. Na rubuta Hajara, na rubuta Sa'a, na aika a kira Ladi. Ita ta je ta kira ta.

Jiya da hantsi, kafin in rubuta wannan ɓangaren, na same ta tana tsince shinkafa a bakin ƙofa. Na gaya mata abin da nake rubuta miki. Na ce, “Me ya sa ba ki ce in sa sunanki ba a lokacin?”

Ba ta daina tsintar ba. Ta ce, “Malam, kai ke rubuta sunayen. Na tsaya ne in ga ko za ka ɗago kai.”

Na ce, “To in faɗa wa Ummi?”

Ta ce, “Faɗa mata duka. Kuma ka ce mata in za su sake buɗe irin wannan, kada su sa iyakar shekaru. Har yanzu idona garau yake.”

To na isar da saƙo. Yana hannunki.

Allah ya tsare ki fita da shiga, ya kare ki daga sharrin mutum da na zuciya. Allah ya ba ki shugabanni masu sauraro, ya ba ki ƙarfin faɗar gaskiya a lokacinta, ya hana a zalunci wani da sa hannunki. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci, ki riƙa kiran mamanki. Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Garba